Ruwan da Na Zuba a Kaskon Gwaggo

Wata daga cikinku ta rubuta a ƙarƙashin kashin da ya wuce: "Tanti Zulaiha, kullum maganar aiki, ina maganar Nassirou?" To, ga ta. Sai dai ku haƙura da aikin tukuna, don a wannan karon ba su rabuwa.

Ga sababbin zuwa: sunana Zulaiha. Asalinmu Damagaram, gidanmu yana Koira Kano a nan Yamai. Na yi shekaru a Grenoble ta Faransa, na dawo da digirin dakta da wani hali da Inna take kira rashin kara. Abin da na karanta sunansa mikrofuluwidik. Kada sunan ya ba ku tsoro. Ƴan farantai nake haɗawa na gilas da roba, kowanne bai wuce tafin hannun yaro ba, a cikinsa akwai hanyoyin ruwa da ba su kai kaurin gashin kai ba. Ki ɗiga ruwan rijiya a bakin hanyar, shi da kansa zai ja jiki ya shiga, ya tarar da magani a ƙarshe. In takin zamani ya yi yawa a ruwan, launi ya canja. Ƙanwata Balkissa tana kiran su "biskit ɗin Yaya."

Sharaɗinsu ɗaya ne: gilas ya zama fes. Maiƙo kaɗan, ko na yatsa ne, ruwa zai dunƙule a baki ya ƙi shiga. Ku riƙe wannan.

A jami'a koyarwar wucin gadi nake yi. Ina da aji, ina da allo, ba ni da labo, wato ɗakin gwaje-gwaje. Saboda haka labona shi ne ɗakin kwanana: tebur ɗaya, mikroskop da na ɗauko a cikin jakar hannu, kilim mai sanyaya ɗaki da ba na kashewa, ƙofa a kulle, makulli a wuyana. Inna ta ce ba ta taɓa ganin ɗakin budurwa mai warin asibiti ba sai nawa.

Wata gidauniya da ke tallafa wa masu bincike da suka koma gida ta sa ni cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe. Ranar Litinin zan zauna gaban kwamitinsu ta bidiyo, in nuna musu ɗigon ruwan lambunan Gamkalley na bakin gulbi yana tafiya a cikin farantina. In na ci, za a buɗe mini labo a nan, in zauna. In na faɗi, tsohuwar malamata ta riƙe mini kujera a can Grenoble, kuma ta ce ba za ta daɗe tana riƙewa ba. Nassirou ba zai bi ni ba. Ya faɗa tun farko, ban kuma ga laifinsa ba: malamin lissafi ne a lise, makarantar sakandare, yana da tsohon uba a gida. Wato ba labo kaɗai nake nema ranar Litinin ba. Hanyar zama kusa da Nassirou nake nema.

Ranar Laraba ya kira ni, idona yana kan mikroskop.

"Dakta."

"Malam."

"Gwaggo Halimatou za ta zo gidanku ranar Asabar."

"Wannan Asabar ɗin? Nassirou, Litinin fa."

"Na gaya mata. Ta ce ai ita ba Litinin za ta zo ba, Asabar za ta zo."

Na yi dariya ba don na so ba. Gwaggo Halimatou yayar mahaifinsa ce, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ya yi mini bayani: a zuri'arsu maza ba sa zuwa tambayar aure sai babbar mace ta fara zuwa. In ta gamsu ba ta faɗa da baki. Turaren wutar da ta haɗa da hannunta take kunnawa a cikin kaskon da ta zo da shi. In ba ta gamsu ba, ta sha ruwa, ta yi godiya, ta koma da kaskonta a jaka.

"Kina ji na kuwa?"

"Ina ji. Turare. Kasko."

"Zulaiha, kaskon na mahaifiyata ne."

"Allah ya ji ƙanta," na ce, ina bin wani kumfa da ya maƙale a lungun hanya.

Ban tambaye shi inda ake kunnawa ba. A kaina falo ne, wurin karɓar baƙi. Duk ƴar da ta girma a gaban gwaggwanninta ta san ɗakin yarinya ake zuwa gani. Ni shekarun da ake koyon wannan, ina can ina koyon wanke gilas.

Ranar Asabar da safe na wanke sababbin farantai, na jera su a buɗe kan tebur su bushe kafin in rufe su. Waɗanda na riga na gama na sa su a akwatinsu mai murfi, na jefa a jaka, na ɗauki bido, jarkar ɗiban ruwa.

Inna tana tsakar gida tana turara dambu. Ta dube ni daga sama har ƙasa: doguwar rigar aiki, takalmin roba, hijabin da ya koɗe.

"Ina zuwa?"

"Gamkalley. Ina son ruwa sabo."

"Yau? Yau ɗin nan za ki bakin gulbi?"

"Yanzu zan dawo, Inna."

"Famfon gidan ubanki ya ƙafe ne?"

Balkissa ta tare ni a ƙofa. Shaddar da tela Isaka ya ɗinka mini domin ranar, ruwan goro mai aiki a wuya da bakin hannu, tana rataye a ɗakina ba guga.

"Yaya, ba ni makulli in goge miki, kada ki fito gaban surukai kamar an zaro ki daga bakin akuya."

Na cire igiyar daga wuyana.

"Kada ki taɓa tebur."

"Wa yake son biskit ɗinki? Ko shayi ba ya sha."

A Gamkalley, Jibo mai lambun da nake ɗiban ruwa a rijiyarsa ya tarbe ni da gaisuwar Zabarmanci, "Fofo, Dakta!" Na gwada faranti ɗaya a inuwar mangwaro. Ɗigon ya shiga tsaf, ya bi kwana, ya koma ruwan hoda. Na ji daɗi har na zauna na sha shayinsa. Ya cika mini leda da salati da tumatir, na cika bido, na fita neman taksi. Taksi ya ƙi samuwa. Da ya samu, sai da ya zaga da mu kasuwa ya sauke wata mai buhunan albasa.

Mesaj ɗin Balkissa suka fara shigowa.

"Yaya sun iso."

"Su uku. Gwaggon doguwa ce, lafaya fara, ba ta dariya."

"Ta tambayi ina kike. Inna ta ce kin je gaida marar lafiya. Ki zo da fuskar tausayi."

"Ta ci dambu ta ƙara. Alama mai kyau."

Ina sauka a ƙofar gida, mesaj na ƙarshe ya shigo.

"Yaya ta ciro KASKO!!! Ba ta ma gan ki ba! Suna ɗakinki."

Kalma ɗaya na gani a cikin mesaj ɗin. Ku da kuke karantawa kun ga "kasko." Ni "ɗakinki" na gani.

Na ratsa falo da taɓo a takalmi. Tun daga baranda na ga hayaƙi yana fita ta saman ƙofa. Na tura. Mata biyu suna zaune a bakin gadona. Inna tana tsaye jikin bango, fuskarta tana haske kamar ranar Sallah. Gwaggo Halimatou tana durƙushe a kan tapi, shimfiɗar tsakar ɗakin. Ta ajiye kaskon a ƙarƙashin tebur, don shaddar da aka rataye a kujera ta sha ƙamshi. Hayaƙin yana hawa ta gefen tebur a hankali, yana kwanciya kan farantaina ɗaya bayan ɗaya.

Ban yi sallama ba. Na buɗe bidon, na sunkuya, na juye.

Garwashin ya yi cuuu. Sai wata ƙara ƙarama, ƙas. Kaskon ƙasa ne, ya ɗauki zafi, ruwan kuma mai sanyi. Ya rabu gida biyu. Baƙin ruwa ya gangaro kan tapi har ya taɓa bakin farar lafayar.

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Na ce, "Wa ya ce a kunna wuta a ɗakin nan?"

Gwaggo ta fara kallona daga takalmi, ta hau a hankali har fuska.

"Ke ce Zulaihar?"

"Ni ce."

"Sannu da aiki."

Ta dafa gwiwa ta miƙe. Inna ta miƙa hannu ta taimaka mata, ta yi kamar ba ta gani ba. Ta tattare bakin lafayarta mai jiƙa.

"Hajiya, mun gode da abinci. Allah ya saka."

Suka fita. Inna ta bi su ba takalmi har bakin titi, ina jin muryarta tana "Don Allah, Hajiya, don Annabi." Kaskon suka bari a inda ya fashe.

Kun san abin da na yi? Na juya ga tebur, na ɗauki faranti, na ɗiga masa ruwa. Ɗigon ya dunƙule a baki, ya zauna yana kallona. Na gwada wani. Haka. Turaren wuta mai ne da sukari da itace, duka sun kwanta a kan gilas. To, ta fannin gilas ina da gaskiya. Sai dai ruwan da na zuba bai ceci ko ɗaya ba. Hayaƙin ya gama aikinsa tun ina taksi. Ɗalibin shekarar farko ya san wannan. Ni ma na sani, tun kafin in buɗe bidon.

Inna ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Hayaƙi yana fasa gilas ne?"

"Ba ya fasawa, Inna, amma yana..."

"To ke kin fasa."

Ta tafi.

Nassirou bai kira ba. Da yamma na rubuta masa.

"Ka ji?"

"Na ji."

Akwai kalmar da ta kamata. Ga abin da yatsuna suka rubuta:

"Farantan duka sun lalace."

Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Allah ya mayar da alheri. Ki yi Litinin ɗinki. Ma yi magana."

Ranar Litinin na zauna gaban ordinater, wato kwamfuta. Farantan da suka je Gamkalley a cikin jakata, a rufe cikin akwatinsu, ba abin da ya same su. Sun ishe ni har da saura. Na ɗiga ruwan Jibo a gaban kamara, ya shiga, ya bi kwana, ya koma ruwan hoda. Wani mai farin gemu a cikin kwamitin ya gyaɗa kai. Wata ta tambaye ni abin da ya fi wahala a yin irin wannan aiki a Yamai. Na ce ɗauke kuran, wato wutar lantarki, da rashin wurin aiki. Ta rubuta.

Kafin mako ya ƙare amsa ta zo. Na ci. Za a ba ni ɗaki biyu, na'urori, da izinin ɗaukar ɗalibai. Abin da na yi shekaru ina mafarki.

Na gaya wa Inna tana wanke shinkafa. Ta ce "Barka," ba ta juyo ba. Balkissa ce kaɗai ta rungume ni, ita ma ta raɗa mini a kunne, "Yaya, kin ci labo, kin zubar da ango." Na ture ta.

Ranar Juma'a bayan la'asar na ji moto, wato babur, ya tsaya a ƙofa. Na san ƙararsa. Na fita da hijabi. Yana sanye da farar shaddarsa ta masallaci, bai sauka ba, ƙafa ɗaya a ƙasa.

"Barka, Dakta. Balkissa ta gaya mini."

"Na gode."

"Yanzu kin zama ta Yamai ke nan."

"Nassirou, ka yi haƙuri."

"Kin makara da wannan kaɗan, amma na karɓa." Ya murza hannun moton ba tare da ya kunna ba. "Kin san abin da ta faɗa kafin ta ciro kaskon?"

Na girgiza kai.

"Ta tsaya a gaban teburinki tana kallon yadda kika jera gilasan nan. Ta ce wa Inna, yarinyar da take lura da ƙananan abubuwa haka, za ta lura da mutane. Shi ya sa ba ta jira ki ba. Ba ta taɓa kunna wa wata ba tare da ta ga fuskarta ba."

Na kalli ƙasa.

"Ni ban riƙe fuskar mahaifiyata ba, ina ƙarami. Kaskon nan nake tunawa, a ƙarƙashin gadonta." Ya dube ni. "Ba zan ce na daina son ki ba, don ƙarya zan yi. Amma ba zan aure ki a bayan idon Gwaggo ba."

"Na sani."

"Ta ce ki je gidanta a Goudel. Ke kaɗai, ban da Inna. Ki kai mata kaskonta."

"Ya fa fashe."

"Ta sani. A gabanta aka yi."

Ya kunna moto ya tafi.

Na koma ɗaki. Ɓarin biyu suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, na wanke su tun ranar. Na ɗora su kan tebur a ƙarƙashin fitila, na haɗa bakinsu. Sun zauna daidai, ko ɓurɓushi bai ɓata ba. Ina da wani mannau da nake haɗa gilas da roba da shi. In ya bushe sai da mikroskop za ki ga layin. Na buɗe murfinsa.

"Me za ki yi?"

Inna ce. Rabonta da shiga ɗakin tun ranar Asabar.

"In manna. Ba za a ga alama ba."

"Wa za ki ɓoye wa alamar?"

Na mayar da murfin.

Ta ɗauko shaddar daga kan kujera ta ajiye mini a gado. Har yanzu tana ƙamshi. A duk ɗakin ita kaɗai hayaƙin ya gyara.

"Ki sa wannan. In kin shiga ki yi sallama, ki durƙusa, ki gaida ta, ki tambayi gida, ki tambayi gajiya, ki tambayi zafi. Kada ki yi bayani. Kina ji na? Ban da bayani, Zulaiha."

Washegari da hantsi na je Goudel, ɓarin kaskon a naɗe cikin ɗankwali. Ban sha wahalar gane gidan ba, ƙamshi ya kai ni. Gwaggo Halimatou tana zaune kan tabarma a inuwar ɗaki, babban tire a gabanta, tana cakuɗa ƴan itace da mai. A gefenta wani kasko sabo da garwashi a ciki, ba turare.

Na yi sallama. Na durƙusa. Na yi gaisuwa mafi tsawo a rayuwata, har na tambayi awaki. Ta amsa kowacce, ba ta ɗago ba. Ta miƙo hannu. Na ba ta ɗankwalin.

Ta warware. Ta juya ɓari ɗaya, ta juya ɗayan, ta shafa bakin da babban yatsa.

"Ba ki manna ba."

"A'a, Gwaggo."

"Yaron nan ya ce kina da abin manna komai."

"Ina da shi."

"Hm."

Ta ajiye su kusa da cinyarta. Ta tsinci turare tsakanin yatsu uku, ta kai hannu saman garwashin, ta tsaya a nan. Sai yanzu ta dube ni.

"Tambaya ɗaya. Kada ki yi mini ƙarya, don na ga hannunki ranar, bai yi rawa ba. In aka sake, hayaƙina da gilasanki a ɗaki ɗaya, me za ki yi?"

"Zan kulle ɗakin tun da wuri, Gwaggo."

"Ba wannan na tambaye ki ba."

Kwamitin Litinin sun yi mini tambayoyi iri-iri, kowacce ina da amsarta kafin su rufe baki. Wannan ba irin tasu ba ce. Na san amsar da take so. Na san kuma zan iya faɗa, ta saki turaren, in koma gida da ƙamshi a jiki. Na tuna kaina a bakin ƙofar nan da bido a hannu, na nemi wurin da na yi shakka ko na ƙiftawar ido. Ban samu ba.

"Ban sani ba, Gwaggo."

Garwashin yana ta cin kansa a ƙasan hannunta. Sai ta janye hannun, ta mayar da turaren kan tire, ta kakkaɓe yatsu.

Na fara haɗa ɗankwalina.

"Wa ya sallame ki?"

Na koma na zauna.

"Ki dawo Asabar mai zuwa. Ki zo da gilas ɗin naki guda, da ruwan da ake zuba masa. Ina so in ga da idona abin da aka fasa kaskon Ladi, uwar yaron nan, dominsa."

Ta ja tire gabanta ta ci gaba da cakuɗawa. Wannan karon sallama ce.

A waje rana ta take. Na tsaya jikin katanga ina jiran taksi, shaddar tana manne mini da gumi. Telefon ya yi motsi a jaka. Nassirou.

"Ta kunna?"

Na rubuta bayani mai tsawo. Na karanta, na goge duka.

"Tukuna."